Rago ba ya cewa a'a, "tukuna" yake cewa

Littafin Karin Magana ya fi kowane sashe na Littafi Mai Tsarki zana kamannin rago, amma ko sau ɗaya ba a ji mutumin ya buɗe baki ya ce ba zai yi aiki ba. Abin da yake nema ƙanƙane ne: ɗan barci kaɗan, ɗan gyangyaɗi kaɗan, ɗan naɗe hannu a huta. Haka maganar take a 6:10, aka kuma maimaita ta a 24:33. Bai soke aikin ba, ɗaga shi kawai ya yi. Shi ya sa Kirista yake wuyar kama kansa da wannan zunubi. Mashayi ya san ya sha, ɓarawo ya san ya ɗauka, amma rago yakan kwanta da dare zuciyarsa fes, domin a ransa niyyar yi gobe tana nan daram.

Sai dai yawancin ayyukan da rayuwar gida ta rataya a kansu suna da lokacinsu, lokacin kuwa ba ya jiran niyya. A ƙasar Sakkwato wannan ba ya bukatar dogon wa'azi. Daminarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, in ta yi kirki ta ɗan taɓa Oktoba. Abin da za a ci a shekara cikin waɗannan 'yan watanni ake nemansa. Karin Magana 20:4 ta ce rago ba ya huɗa a kan kari, ran girbi ya duba bai ga kome ba. Ba a ce bai taɓa riƙe hauya ba. Yana iya zuwa gona, ya yi gumi ma, amma bayan ranar da aikin ke da amfani ta wuce.

A ɗauki gero. Bayan shuka da mako biyu zuwa uku ake rage tsiro, a bar biyu ko uku a rami, a kuma yi noman firi. A wannan lokaci ciyawa ba ta kafa saiwa ba, hauya na bi ta sama ta kwantar da ita, rana ta busar da ita kafin yamma. In aka ƙara kwana goma ana cewa bari jiki ya saki, abubuwa uku ne ke haɗuwa. Ciyawa ta yi saiwa ta sarƙe, aikin da mutum ɗaya zai gama cikin 'yan kwanaki ya koma sai an nemi taimako. 'Yan ƙwadago a lokacin kowa na nemansu, kuɗinsu ya tashi. Sannan ruwa ya zauna, ƙasa ba ta bushewa, ciyawar da aka nome yau ta sake kamawa jibi. Geron da ya yi makonninsa na farko yana kokawa da ciyawa a kan ruwa da abinci yakan sirance, ya yi ɗorawa, bai yi 'ya'ya a gindi ba, kuma takin da za a zuba masa daga baya ba ya mayar da abin da ya rasa. Ran girbi mai gona ya ce bana gona ba ta yi ba. Ta yi wa maƙwabcinsa da kunyarsu ke haɗe.

Akwai kuma lalacin da ke ɓuya a cikin aikin kansa. Takin yuriya in aka watsa shi a kan busasshiyar ƙasa cikin rana, wani kaso nasa iska ke kwashewa. Yadda ake yi shi ne a jira ƙasa ta yi danshi, a yi ɗan rami nesa da gindin shuka kamar faɗin yatsu uku ko huɗu, a zuba, a rufe. Wannan na bukatar duƙawa rami bayan rami, watsawa kuwa daga tsaye ake yinta. Wanda ya watsa ya kashe kuɗi daidai da wanda ya binne, buhu ɗaya suka saya a kasuwa ɗaya, bambancinsu baya ne kawai, wani ya lanƙwasa nasa wani ya ƙi.

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya fi kome nuna yadda "tukuna" ke haihuwa. Yana manne wa saiwar gero da dawa yana tsotsa tun yana ƙarƙashin ƙasa. In ya fito, dole a tumɓuke shi kafin furensa ya zama iri, a kwashe a fitar daga gona a ƙone. Gindi ɗaya da aka bari yana zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran shuka. Wanda ya ƙyale shi bana domin ai girbi ya kusa, ya bar wa 'ya'yansa gadon wahala a gonar. Marubucin Karin Magana 24:30-31 ya bi ta gonar rago ya ga ƙaya ta rufe ta, katangar dutse ta rushe. Katangar dutse ba ta rushewa dare ɗaya. Dutse ɗaya ne ya fara zamewa aka ce a bar shi sai an samu sarari.

Wata aya da ba a cika karantawa a sujada ba ita ce 12:27, inda aka ce rago ba ya gasa naman da ya farauto. Ya shiga daji, ya yi gudu, ya kama, amma ƙarshen aikin ya gagare shi, nama ya ruɓe. Wannan shi ne labarin wake a gidaje da yawa. An shuka, an yi feshi, an roro, an sussuka, sai aka zuba a buhu aka jingine a lungu. Ƙwaron wake tun daga gona yake shigowa, kuma cikin kamar wata guda ƙwan da ya saka ya zama sabon ƙwaro mai saka nasa. Kafin bazara buhu ya zama gari da ramuka. Maganin ba asiri ba ne. A shanya wake har sai ƙwaya ta yi ƙaras in an ciza, a tsince datti, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, sannan a ɗaure na waje. Ko kuma jarka mai murfi mai kyau, a cika ta har wuya. Rashin iska ne ke kashe ƙwaron, saboda haka leda mai huji ko buɗewa kowane mako don ɗiban na miya ya ɓata shirin. A ware na ci daban tun farko. Gajeriyar hanyar da wasu ke bi, ta yayyafa maganin feshi kai tsaye a kan abin da mutane za su ci, ta wuce lalaci, ta shiga cutar da maƙwabci. Haka masu albasa a fadamun Rima suka sani: a tsayar da ban ruwa kafin cira, a bar wuya ya bushe, a riƙa shiga rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ana tsince wadda ta fara laushi, domin ruɓaɓɓiya ɗaya tana jan na kusa da ita.

A cikin gari ma haka lissafin yake. Mai-Wa'azi 10:18 ya ce saboda lalaci rufi yakan lotsa, saboda zaman hannu ɗaki yakan yi yoyo. Mai ɗakin soro ya san watan Afrilu da Mayu ne lokacin hawa sama: a cike tsaga, a sake yaɓe, a zare ledoji da ƙasar da suka toshe indararo, a tara ƙasa a gindin katanga don kada ruwa ya kwanta yana cin ta. In indararo ya toshe, ruwa ya taru a kan rufi, ya ratsa, ƙasa ta yi nauyi, azarar da gara ta riga ta ɗanɗana ta kasa ɗauka. A watan Agusta ake jin irin wannan labari, sau da yawa da dare, mutane na kwance a ƙasa. Mai kwano kuma ƙusoshi zai duba, domin iskar farkon damina ba ta neman kome sai gefe ɗaya da ya ɗaga. Kwatar ƙofar gida da ledar fiya wata ta cushe, da tsohuwar taya, da gwangwani a bayan ɗaki, kowanne in ruwa ya kwanta a ciki sauro na kammala girma daga ƙwai cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Ga maganar magani, wadda iyaye ba sa ɗauka a lalaci. Maganin zazzaɓin sauro da aka fi bayarwa sau shida ake shansa cikin kwana uku. Yaro ya sha biyu, jiki ya yi sanyi, ya tashi wasa, sai a ajiye saura a kan taga. Haka maganin rigakafin da ake bi gida gida ana ba ƙananan yara kowane wata a damina: na ranar farko ma'aikata ke bayarwa, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari. Waɗannan biyun ne ake mantawa. Ciwo ya dawo, a sake biyan kuɗin gwaji da na magani, wani lokaci har da ƙarin jini. Ɗan kabu-kabu kuma da ya ɗaga canjin baƙin mai, wanda bai kai lita ɗaya da rabi ba, ya ƙi wanke filta a lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina, yana ganin ya tsira da kuɗin yini. Ran da inji ya buga, kuɗin ringi da fistan da na bakanike suna jiransa, ga kwanakin da mashin zai yi a gareji, ga mai mashin yana jiran balas.

A duk waɗannan misalai akwai abu ɗaya da ya sa lalaci ya zama zunubi ba hali kawai ba: da wuya rago ya biya bashinsa da kansa. Wani ke biya. Magidancin da ya wuni a teburin mai shayi ana gardamar ƙwallo da siyasa, ko ya raba dare a kan waya har safiya ta kuɓuce masa, ba shi ke kwana da yunwa ba. Matar ce ke ƙara suyar awara, babbar 'yar ce ake cirewa daga aji a ɗora mata tire. Ma'aikacin da fayil ya yi wata a kan teburinsa yana karɓar albashinsa cif, tsohon da ke jiran fansho ne ke cin bashi. Malamin da bai duba littattafan yara ba, ɗan aji shida ne zai fita bai iya karanta sunansa ba. Shi ya sa Karin Magana 10:26 ta ce rago kamar hayaƙi yake a idon wanda ya aike shi, 18:9 kuma ta kira mai sakaci da aiki ɗan'uwan mai ɓarna. Bulus ya fi tsanantawa a 1 Timoti 5:8: wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya yi musun bangaskiya. Ba maganar tattalin arziki ake yi ba. Maganar ƙaunar maƙwabci ce, maƙwabci na farko kuwa shi ne wanda kuke cin tuwo a kwano ɗaya.

Wasu na ɗauka aiki la'ana ce da ta zo bayan faɗuwar Adamu. Ba haka ba ne. A Farawa 2:15, tun kafin zunubi, aka sa mutum a gonar Aidan ya nome ta ya kiyaye ta. Abin da sura ta 3 ta ƙara shi ne ƙaya da gumi. Doka ta huɗu cikin Dokoki Goma ma da muke tunawa da ita saboda hutu, rabinta umarnin aiki ne: kwana shida za ka yi aiki. Ubangiji Yesu kansa mutanen garinsu da sana'ar sassaƙa suka san shi.

A cikin ikilisiya lalaci yakan sa rigar ibada, nan ne kuma ya fi wuyar taɓawa. "Allah zai tanada," in ji ɗan'uwa, alhali takardar neman aikin da aka ce ya kai tun makon jiya tana cikin jaka. Akwai mai zuwa addu'ar dare har wayewar gari sau uku a mako, ya wuni yana barci, shago a rufe, mata na neman rancen kuɗin cefane a wurin Zumuntar Mata. Wannan ba sabon abu ba ne. A Tasalonika wasu sun ajiye aiki suna cin abincin 'yan'uwa, suna shisshigi cikin sha'anin mutane. Bulus, wanda ya yi ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu a Koranti, ya tuna musu bai ci abincin kowa kyauta ba, dare da rana ya yi aiki, sannan ya kafa ƙa'ida a 2 Tasalonikawa 3:10 cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Maganar nan ta "tashi in taimake ka" da ake jingina wa Allah ba aya ba ce, kada a neme ta a Littafi Mai Tsarki. Amma manna, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, tana nan a Fitowa 16. Kyauta ce zalla daga sama, duk da haka sai an fita da safe an tattara, in rana ta yi zafi ta narke. Nehemiya kuma da aka yi wa shi da mutanensa barazana, ya ce sun yi addu'a ga Allahnsu, suka kuma sa masu tsaro dare da rana.

A gari irin Sakkwato, inda Kirista tsiraru ne, akwai ƙarin nauyi. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa ba za su taɓa jin wa'azin Baba Fasto ba, amma sun san ko telan nan Kirista yana ba da ɗinki ranar da ya ce, ko ma'aikaciyar jinyar nan tana tashi in mara lafiya ya kira da dare. Su ma a cikin addu'o'insu suna neman tsari daga kasala, sun san abin in sun gan shi. Bulus ya faɗi dalilin a 1 Tasalonikawa 4:11-12: ku yi aiki da hannunku, domin zamanku ya zama abin girmamawa a wurin waɗanda suke waje, kada kuma ku rataya a wuyan kowa.

Kada kuma mai yawan zirga-zirga ya ɗauka ya tsira. Bawan da aka ba talanti ɗaya na kuɗi a Matiyu 25 ya binne shi ya yi aiki, ai haƙa rami aiki ne. Ubangidansa ya kira shi mugu, malalaci, domin ya guje wa ainihin abin da aka danƙa masa, hujjarsa kuwa tsoro. Mutum na iya fita tun asuba ya dawo bayan duhu, yana cikin kwamiti uku a coci, amma shekara biyu yana ɗaga zuwa neman gafarar ƙaninsa, bai taɓa zama ya ji karatun ɗansa ba, 'yar kasuwa kuma ta wuni a tsaye amma ba ta rubuta bashin da ta bayar, ba ta raba riba da uwar kuɗi, har jari ya narke ba ta san ranar ba. Aikin da mutum ke gudu yakan ɓoye shi a bayan aikin da yake so. Yakubu 4:17 bai bar mafaka ba: wanda ya san abin da ya kamata ya yi bai yi ba, zunubi ne a gare shi.

To, amma akwai ɓarnar da masu himma ke yi, ita ce saurin kiran mutum rago. Bulus ɗin nan da ya kafa ƙa'idar abinci ya raba mutane kashi uku a 1 Tasalonikawa 5:14: a gargaɗi masu zaman banza, a ƙarfafa masu karayar zuciya, a taimaki marasa ƙarfi, a yi haƙuri da kowa. Daga nesa dukansu ukun a kwance suke a kan tabarma. Wanda ya ba su magani ɗaya zai ji wa biyu ciwo. A misalin masu aikin gonar inabi a Matiyu 20, an tambayi waɗanda suka tsaya a kasuwa har yamma me ya sa suka wuni ba aiki, suka ce ba wanda ya ɗauke mu. Mai gona bai zage su ba, ɗaukarsu ya yi. Matashin da ya gama jami'a yana ta kai takarda, ƙa'idar Bulus ba a kansa take ba, domin rasawa ya yi, ba ƙi ba. Rago a Karin Magana 26:13 yana cewa akwai zaki a hanya, zakin kuwa na ƙarya ne. Amma manomin da ya baro gonarsa a yankin Isa ko Sabon Birni saboda 'yan bindiga, nasa zakin na gaske ne, kuma mai karanta masa wannan aya ya yi zalunci.

Jiki ma yana da nasa. Kafin a yi wa yaro ko mata ko baran gida hukuncin son jiki, a duba: a ja fatar ido ta ƙasa a ga ko ta yi fari, a duba tafin hannu, domin ƙarancin jini yana sa mutum haki daga ɗaukar bokiti ɗaya. Zazzaɓin da ke zuwa yana komawa, sikila, ciwon suga mai sa yawan ƙishi da fitsari da gajiya, tarin da ya wuce mako biyu tare da rama da gumin dare, farkon ciki, da yunwa tsagwaronta, duk suna kama da lalaci. Haka ciwon damuwa: mutumin da aka sani da himma ya daina jin daɗin kome, barci ya rikice, abinci ya fita ransa, ya ja jiki daga mutane har fiye da mako biyu. Wannan asibiti yake bukata tare da addu'a, akwai kuma asibitin masu wannan lalura a garin Kware kusa da Sakkwato. Alamar da ta fi taimakawa ita ce: mara lafiya ya rasa ƙarfin kome, har abin da yake so. Rago kuwa ƙarfinsa na dawowa cak in an ce ga biki ko ga kallon ƙwallo. Da annabi Iliya ya kwanta a ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, mala'ika bai yi masa faɗa ba. Abinci da ruwa ya ba shi har sau biyu, ya bar shi ya yi barci.

Zafin Sakkwato ma dole a sa shi a lissafi. A Afrilu da Mayu ma'aunin zafi na haura digiri 40, kwanciya a inuwa da tsakar rana hankali ne, ba zunubi ba. Inda laifin yake shi ne a ɓarnatar da safiya. Rana na fitowa wajen ƙarfe 6:30, daga nan zuwa 11 ne zuciyar yini. Wanda ya ba waya da hira waɗannan sa'o'i, ya ce zai fara da azahar, ya san ba zai fara ba. Kiristocin farko da suka zauna a hamadar Masar sun san wannan sa'a. Wani daga cikinsu, Ibagiriyus, wanda ya rasu a shekara ta 399, ya kira wannan jaraba aljanin tsakar rana. Ya ce yakan zo daga hantsi zuwa bayan azahar, ya sa mutum ya ga kamar rana ta tsaya cak, ya riƙa leƙen taga, ya tsani wurin da yake da aikin hannunsa, ya fara tunanin ai da a wani gari ne da ya fi. Duk wanda ya taɓa sauya sana'a sau uku cikin shekara zai gane muryar. Maganin da ya bayar shi ne a zauna kada a gudu, a yanka wa kowane aiki iyaka, kada a tashi sai an kai ta. A ƙarni na 6 a Italiya, Benedik ya tsara wa almajiransa yinin lokacin zafi: aikin hannu da safe, karatu kafin tsakar rana, abinci da kwanciya, sannan a koma aiki har yamma, raunana kuma a ba su aiki daidai ƙarfinsu. Tsarin ya dace da unguwar Mabera ta Sakkwato kamar don ita aka yi shi.

A aikace, iyakar da ake yankawa dole ta zama abin ƙirgawa. "Zan yi noma gobe" ba iyaka ba ce, "kunya 20 kafin ƙarfe 9" ita ce iyaka. Tun da dare a wasa hauya, a ajiye ta a bakin ƙofa, a yanke wane aiki ne na farko, kuma ya zama wanda aka fi gudu. Waya ta kwana nesa da shimfiɗa. A gaya wa mutum ɗaya, mata ko aboki ko dattijo, abin da za a gama da ranar da za a gama, a ba shi izinin tambaya. Yara kuma a ba kowa aikinsa da sunansa, maza da mata: in 'ya mace na shara da wanke-wanke da ɗiban ruwa ɗan'uwanta na kwance, gida ne ke horar da mijin da wata za ta yi kuka da shi.

Saura yadda ikilisiya za ta yi da ɗan'uwan da ke zuwa neman taimako wata bayan wata. Kuskure biyu ake yi: a riƙa ba shi kuɗi don a rabu da shi, ko a rufe masa ƙofa da aya. Dokar kala a Littafin Firistoci 19:9-10 ta nuna wata hanya. Mai gona ya bar gefen gona da abin da ya zube, matalauci kuma ya shigo ya tsinta da hannunsa, kamar yadda Rut ta wuni tana yi a gonar Bo'aza. Dattawa biyu su je gidansa, ba a tsayar da shi a gaban jama'a ba. Su tambayi lafiyarsa, in da alama a fara da gwajin jini. Su tambayi abin da ya iya da abin da ya taɓa yi da dalilin barinsa. Sannan a ba shi ƙaramin aiki mai iyaka da lada, share kwatar coci ko yaɓen katanga, a biya shi a ranar, domin Firistoci 19:13 ta hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana, kuma mai gidan da ke riƙe albashin yaransa wata uku ba shi da bakin kiran su ragwaye. In ya zo a kan lokaci ya gama, mataki na gaba kayan aiki ne ba tsabar kuɗi ba: baro, jarkoki da kura, keken ɗinki, ko gurbin koyon sana'a a wurin wani ɗan ikilisiya, da sharaɗin da aka rubuta da ranar da za a sake zama. In kuwa lafiyarsa ƙalau, an ba shi aiki sau biyu sau uku yana kawo zaki a hanya, sai a tsayar da kuɗi a gaya masa dalili a fili, a matsayin ɗan'uwa ba maƙiyi ba, yadda 2 Tasalonikawa 3:15 ta ce. Hatsi kuwa a ci gaba da kaiwa hannun matar kai tsaye, kuɗin makarantar yara a biya a makaranta, a kuma sa ranar da dattawan za su koma gidan, kada ta wuce wata guda.